Ranar da Taubashiyata Ta Kira Sunana

Daga ƙauyenmu zuwa makarantar 'yan mata ta Kura tafiyar minti arba'in ce idan an bi gefen kanal ɗin ban ruwa, awa guda idan an bi titi. Shekara huɗu na yi ina bin gefen kanal ɗin nan tare da 'yar gwaggona, kuma ko Alƙur'ani aka ɗora mini ba zan iya tuna ranar da muka yi wa juna magana madaidaiciya ba, sai rana ɗaya. Labarin ranar nake son bayarwa, amma sai na fara faɗin yadda muke da ita.

Mahaifiyarta ƙanwar babana ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ke nan ni da ita taubasai ne, masu wasa da juna. An yarda mu zagi juna, mu ƙwace wa juna abinci, mu tona wa juna asiri a gaban baƙi, ba mai cewa mun yi rashin kunya. Ita tana cewa ni baiwarta ce, ni ina cewa ita ce tawa, har yau ba a raba mana gardamar ba. Kafin ranar nan ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Da safe in ta iso ƙofar gidanmu sai ta ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji:

"Ina baiwar nan? A ce ta fito ta ɗaukar min jaka, rana na yi!"

Ni kuma in amsa daga tsakar gida: "Ku ce mata ga shara nan tana jiranta, ta gama tukuna."

Na girme ta da shekara ɗaya, ina gabanta da aji ɗaya. Ni mai baki ce, kowa ya shaida, amma ita ta fi ni saurin mayar da martani. Siririya ce, mai dogon wuya, in ta ƙyalƙyale da dariya a bakin kanal har balbelu sai sun tashi daga cikin shinkafa.

Sana'ar Gwaggo turara shinkafa, kamar rabin matan unguwarsu. A bayan gidansu akwai duro uku a kan murhu. A jiƙa shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ta kwana, a tsame, a turara, a shanya a kan tamfol, sannan a kai injin casa. Itace ya yi tsada, don haka da ɓuntun shinkafa suke hura wuta. Shi kuwa ɓuntu ba ya ci da harshe. Ta ciki yake ci, samansa toka, ƙasansa garwashi, ga hayaƙi mai kauri da ke kama maƙogwaro. Taubashiyata ce babba a ɗakinsu, ita ke iza wuta kafin ta tafi makaranta, ita ke juya shanya in ta dawo. Hijabinta ko an wanke shi ƙaurin hayaƙi yake, shi ya sa nake kiranta bandar kifi.

Tana aji uku tari ya kama ta, ya ƙi sakinta. Gwaggo da kanta ta aika kemis aka sayo mata magani. A shekarun nan maganin tari mai kodin a jere yake a kanta kamar lemon kwalba, ba mai tambayar takardar likita. Cikin mako biyu tarin ya tafi, maganin ne bai tafi ba. Ban san ranar da ta fara juye shi a gorar zoɓonta ba. Na dai san akwai lokacin da ta daina bari in ƙwace gorar. Za ta bar mini awararta, ta bar mini biro, amma in na kai hannu kan gorar sai ta fizge da gaske. Ruwa ba ya tsami banza. Wata rana da ta sunkuya gyara takalmi na buɗe murfin na shinshina, na rufe na ajiye.

Farkon zangon da na shiga aji biyar wata malamar asibiti ta zo makarantarmu. Gajera ce, mai tabarau, tana aiki a ƙaramin asibitin sha-ka-tafi da ke bayan makaranta. Ta yi mana jawabi a asambuli cewa rigakafi ya fi magani, muna ta hamma. Amma bayan an watse ta faɗi wata magana da ta zauna mini. Ta ce yarinyar da ta fara shaye-shaye ba ta gaya wa uwarta, ba ta gaya wa malamarta, sa'arta take gaya wa. Don haka tana son a ba ta 'yan manyan aji, kowacce ta riƙe ƙaramar ɗaliba ɗaya, su riƙa tafiya gida tare, su ci abincin hutun tara tare, babbar ta zama kunnen ƙaramar. Aka sa mana suna yayye, aka ba mu koren bajo muna maƙalawa a hijabi. Malamai sun sa sunana ne saboda ni ke wakiltar makaranta a muhawara. Wato an zaɓe ni saboda bakina, abin da ya kamata a ƙi ni dominsa.

Duk ranar Alhamis bayan an tashi muke haɗuwa a kan benci ƙarƙashin darbejiyar bayan asibitin. Darasinta ba shi da yawa, maimaita shi take har muka haddace:

"Ku ba 'yan sanda ba ne, ba kuma masu wa'azi ba. In ƙanwarki ta buɗe baki ta faɗi abin da ke cinta, kar ki ce komai. Ki ƙirga goma a zuciyarki. In kin kai goma, tambaya ɗaya za ki yi mata: tun yaushe? Shi ke nan, sauran ki bar min. Ki kawo min ita ranar Alhamis ta ƙofar baya. Ba kati, kuma ba wanda zai ji a gidansu sai ta yarda."

Takan sa mu gwada bibbiyu, ɗaya ta yi kamar mai matsala, ɗaya ta saurara. Ni an haɗa ni da wata 'yar ajinmu, ɗiyar wani mai gyaran injin ban ruwa. Kiristoci ne, daga wajen Filato suka zo, gidansu na bakin titi kafin a shiga ƙauyenmu. Yarinyar shiru-shiru ce, sai a wuni a aji ba a ji muryarta ba. In ita ke saurare, goman nan sai ta cika ta cif, tana kallon ƙasa. Ni kuwa ban taɓa wuce shida ba tare da na fashe da dariya ba. A raina ina cewa wannan ai ba iyawa ba ce, rashin abin faɗa ne.

Da aka zo rabon ƙanne, malamar ta ce kowacce ta zaɓi wadda ta fi kusa da ita. Na ce ina da 'yar'uwa a aji huɗu, tare muke zuwa tare muke komawa. Ta ce madalla, ta rubuta. Ban ce mata taubashiyata ba ce, ban ma ga abin faɗa a ciki ba. Rabin dalilina lalaci ne, tunda ba sai na nemi sabuwar ƙawa ba. Ɗaya rabin kuma na shinshina gorar nan, kuma ina ganin duk duniya ba wanda zai iya da ita sai ni.

Mako na uku da fara aikin, wata malama ta kama kwalbar maganin tari a jakar wata 'yar aji uku. Aka fito da yarinyar a asambuli aka zane ta a gaban kowa, aka ce ta je ta zo da ubanta. Wallahi babu ɗayanmu da ta kai rahoto, amma wa zai yarda? Malamar asibiti ta zo ta shiga ofishin shugabar makaranta, muna jiyo muryarta daga waje, sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe. Daga ranar, duk inda koren bajo ya doso sai hira ta mutu. Wasu yayyen suka cire nasu suka jefa a jaka. Ni taurin kai ya hana ni cirewa.

Na sha kaɗaici a zangon nan, ba kaɗan ba. Ƙawayen da muka yi shekara huɗu muna cin gurasa a kwano ɗaya, in na zo zama sai ɗaya ta ce, "Mu matsa, kar a rubuta sunanmu." Sai su tashi su bar mini benci. Nakan sayi awara in tsaya jikin tagar ɗakin karatu in ci, ina yi kamar ina duba littafi. Mai baki in aka daina amsa mata ba ta san inda za ta sa kanta ba. Har malamai na riƙa tsayarwa da tambayoyin da na san amsarsu, don dai in ji wani ya yi mini magana.

Mutum ɗaya ce ba ta canza ba. Sabon suna ma ta ƙara mini, wai Kwastan. Lokacin tara sai ta taho tun daga ajinsu tana ihu:

"Kwastan! Zo ki caje ni, yau na shigo da kaya ta ɓarauniyar hanya!"

Ta miƙo mini jakarta da hannun dama, gorar zoɓon tana hannun hagu. Yara su yi ta dariya, ni ma in yi, in zazzage jakar in ce ba komai sai tsumma da ƙaurin banda. A duk wunin makaranta wannan ne kaɗai lokacin da ake dariya ina ciki.

Ba zan ce ban gwada ba. Sau ɗaya, muna hanyar gida, na gyara murya na ce, "Ke, wannan zoɓon naki fa."

Ta tsaya ta riƙe ƙugu. "Yau baiwa ce ke binciken uwar ɗakinta? Lallai duniya ta zo ƙarshe."

Na yi dariya, kuma gaskiyar magana sanyi na ji a raina da ta toshe maganar. Ina ganin komai. Ina ganin yadda idanunta ke lumshewa da rana tsaka, yadda harshenta ke nauyi, yadda tafiyar minti arba'in ta koma ta awa guda saboda jan ƙafa. Amma tsoro nake ji. Ina ganin in na matsa mata za ta yi fushi na gaske, irin wanda ba mu taɓa yi ba, ta daina biyo mini da safe, in koma bin kanal ni kaɗai. Ita kaɗai ta rage mini, ban so in rasa ta. Sai na ce a bar kaza cikin gashinta. Duk Alhamis malamar asibiti kan bi mu ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, "Ya ƙanwarki?" In ta zo kaina in ce, "Lafiya lau, Malama, sai tsokana."

Ranar da nake magana a kai Laraba ce, cikin bazara, tumatir ya kusa ƙarewa a gonaki. Kwana uku ke nan ban ga gorar a hannunta ba. Na lura, ban tanka ba. Tun da muka fito daga makaranta take hamma, hancinta na zuba, gumi ya jiƙa gaban hijabinta. Tsokanar ma a gajiye take yinta. A rabin hanya akwai ƙofar ruwa, inda ake murɗa wani ƙarfe a karkatar da ruwa zuwa ƙananan hanyoyi. Ranar an sako ruwa, kanal ya cika har baki. Da muka iso nan sai ta zauna a kan simintin, ta cire takalmi, ta tsoma ƙafafunta. Na wuce ta da taku biyu ina cewa ta taso, ni ba a ɗauke ni aikin jiran bayi ba.

Sai ta kira sunana. Sunana na yanka, a hankali, ba ƙari ba ragi. Sai da na waiga in ga ko wata ce ta biyo mu.

Ba ni take kallo ba, ruwan take kallo. Ta ce, "Kwana uku ban sha ba. Ƙasusuwana kamar ana sara su. Ba na iya barci. Jiya na je har ƙofar kemis na juyo. Yau ban san ko zan iya juyowa ba." Ta ja hanci. "Na kasa."

Na san abin da ya kamata in yi. Wata biyar ana koya mini shi a ƙarƙashin darbejiya. Na dawo na tsaya a kanta, na fara ƙirgawa. Ɗaya. Biyu. Ina jin ruwa na bugun ƙarfen ƙofar, ina jin injin ban ruwan wani yana tari daga nesa. Uku. Na kalli gefen fuskarta, ba dariya a ciki, sai na ga kamar ban san ta ba. Tunda muke ba mu taɓa yin shiru tare ba. Kunya ta rufe ni, irin wadda mutum ke ji in ya faɗa ɗaki ya tarar da babba yana sa kaya. Huɗu. Daga nan bakina ya riga ni.

Na ce, "To ai dama! Baiwa in ba da bulala ba me take iyawa? Bari gobe in kai ki asambuli a tsula miki goma, ki ga in ba ki warke ba."

Ta ɗago ta dube ni. Ba ta daɗe ba, amma na ga abin da ya rufe a idonta. Sai ta fashe da dariyar nan tata, ta ɗebo ruwa da hannu biyu ta watso mini.

"Na kama ki, Kwastan! Gwada ki nake in ga ko kin iya aikin. Sifili kika ci!"

Na ce dama na sani, wa zai yarda da maganar banda. Muka taho muna dariya. Ta san ƙarya take, na san ƙarya take, kuma ta san na sani. Da muka shigo ƙauye ta ce Gwaggo ta aike ta sayen gishiri, ta karkata ta lungun kasuwa. Na san abin da ke lungun nan ban da gishiri: kemis. Na tsaya ina kallon bayanta har ta sha kwana, sannan na wuce gida.

Washegari Alhamis. Dama ta biyu ke nan, kuma ita ce ta fi damuna har yau, don ba za a ce baki ne ya suɓuce ba. Na kwana da maganar, na wuni da ita. Malamar ta zo kaina ta ce, "Ya ƙanwarki?" In na faɗi gaskiya sai na faɗi abin da na mayar mata. Na ce lafiya lau.

Bayan kamar wata guda, wata Asabar bayan azahar, taubashiyata na zaune gaban duro tana iza ɓuntu barci ya kwashe ta. Ƙafarta ta zame ta shiga cikin tokar, ita kuwa tokar garwashi ne a ƙasa. Ba ta farka da wuri ba. Ƙaurin zane ne ya fito da Gwaggo daga ɗaki. Aka sa ta a a-daidaita-sahu zuwa asibitin nan na bayan makaranta. Da labari ya iso gidanmu na bi su a guje, ko takalmin kirki ban tsaya sawa ba. Na tarar malamar na wanke ƙunar, daga idon sawu har sha-raɓa, taubashiyata na ta ihu Gwaggo na riƙe da kanta. Tana ganina a bakin ƙofa, da hawaye da majina, ta ce, "Ga Kwastan nan, kowa ya ɓoye kayansa."

Da aka gama naɗe ƙafar malamar ta yafito ni zuwa ƙarƙashin darbejiya. Ba ta buƙatar a gaya mata komai. Mutumin da wuta ke cin ƙafarsa bai farka ba, ta san irin barcin. Ta cire tabarau tana gogewa da bakin mayafi, ta ce, "Ta taɓa gaya miki?"

Na ce, "Ta faɗa, Malama. Amma wasa muke."

"Wane irin wasa?"

"Taubashiyata ce."

Ta daina goge tabarau. Ta riƙe haɓa tana kallona. "Inna lillahi. Taubashiyarki ce? Ke ko me ya hana ki faɗa tun farko?" Ta girgiza kai. "Ai ko ni, taubashina ya shigo nan ciwo na cinsa, dariya zan fara yi masa kafin in ɗauko allura. Laifina ne da ban tambaya ba. 'Yar'uwa kika ce, na ɗauka shi ke nan."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na zauna a bencin na yi kuka, ta bar ni har na gaji. Ko ta ƙirga goma ne, ban sani ba. Daga ƙarshe ta ce za ta canza mata yaya, ni kuma in huta tukuna.

Ɗiyar mai gyaran injin ban ruwa aka ba ta. Da na ji sai da na yi tsaki. Na ce wannan ko mako ba za ta yi ba, taubashiyata za ta cinye ta da baki. Kullum in an tashi daga makaranta yarinyar sai ta biya gidan Gwaggo, ta yi sallama, ta zauna a bakin katifa. Nakan tarar da su. Taubashiyata ta yi ta jifanta da tsokana, ta kira ta kurma, ta kira ta gunki, ita kuwa ba ta san wasan ba, balle ta rama. Sai ta yi ɗan murmushi ta ci gaba da ɓare gyaɗa. Wasa kuwa in ba mai amsawa mutuwa yake. Da tsokanar ta ƙare, sai abin da ke ƙarƙashinta ya fito. Ban san me suka faɗa wa juna ba, ba wadda ta taɓa gaya mini. Na dai lura in na shigo sai taubashiyata ta gyara zama ta ɗauko wasa kamar mai ɗauko tabarmar baƙo, in na fita kuma in jiyo ɗakin ya yi tsit.

Abin bai zo da sauƙi ba. A bakin Gwaggo na ji cewa sau biyu tana komawa shan maganin, sau biyu yarinyar nan na raka ta asibiti ta ƙofar baya ranar Alhamis. Sai da aka kusa shekara. Ta maimaita aji huɗu, amma ta rabu da gorar, kuma har yau ba ta koma ba. Na gode wa Allah, da zuciya ɗaya na gode. Amma ba zan ɓoye ba, na yi kishi, na kuma ji haushin kaina da nake kishin.

Da ta koma makaranta tana ɗingishi, mu uku muke bin kanal. Su biyu a gaba, a hankali saboda ƙafar, ba mai cewa uffan. Ni a baya. Jefi-jefi ta waigo ta ce, "Baiwa, kina nan ko an sace ki?" In ce wa zai saci mai irin uwar ɗakina. Sai ta juya su ci gaba da shirunsu. In mun zo ƙofar ruwa nakan kau da kai in kalli gonakin albasa. Bayan mako biyu na ce ni na fi son titi, wai gefen kanal na ɓata mini takalmi. Ba wadda ta hana ni. Haka na gama aji shida ina tafiyar awa guda ni kaɗai, motocin shinkafa na wuce ni.

Yanzu shekaru sun ja. Ina koyarwa a cikin birni, ita tana aure a Bunkure, da 'ya'yanta da nata duron. Muna haɗuwa a suna da biki, kuma tun daga zaure ake jin mu. Dangi in suna son misalin zumunci mu suke nunawa. Ba su san cewa tun ranar Larabar nan ban sake jin sunana a bakinta ba.

Bara aka yi bikin autar Gwaggo. Da hantsi na zagaya bayan gida, inda durarrukan suke a da, na same ta ita kaɗai a kan tabarma tana tsince shinkafa a faranti. Ta miƙe ƙafa, tabon ya fito daga ƙarƙashin zane. Na daɗe ina shirya maganar, a mota ma sai da na maimaita ta. Na durƙusa kusa da ita na kira sunanta.

Na ce, "Ranar nan a ƙofar ruwa. Na ji ki sarai. Na san ba gwada ni kike ba. Ki yafe min."

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Ba ta ɗago ba. Ban yi niyyar ƙirgawa ba, amma na samu kaina ina yi. Na kai bakwai. Ni huɗu na ba ta, ita ta ba ni bakwai. Sannan ta ɗago da dariya.

"Wace rana kuma? Kai, baiwa da riƙo! Ungo, ɗauki farantin nan ki kai wa masu girki, kin zo kin tsugunna min kamar mai neman gafarar sarki."

Na buɗe baki in sake gwadawa, sai na ji ina cewa ai ko sarkin ne ba zan nemi gafarar banda ba. Abin da nake da shi ke nan.

Ina miƙewa da farantin ɗiyar mai gyaran injin ta shigo da goyo a bayanta. Ita ma ta yi aure a nan kusa. Ta gaishe ni da fara'a, ta zauna a gefen tabarmar, ta jawo wani farantin ta fara tsincewa. Taubashiyata ta ɗan matsa mata wuri. Ba wadda ta ce da wata komai.

A bakin madafa wata tsohuwa cikin danginmu, wadda ta jiyo ƙarshen maganarmu, ta kama hannuna tana dariya. Ta ce, "Ku dai taubasan nan ba kwa girma. Allah Ya bar ku tare."

Na ce amin, na ajiye farantin. Ban jira an kai amarya ba. Bayan la'asar na fita titi na tari mota, na samu wurin zama a jikin taga, ɓangaren da ba a ganin kanal.